Hodar ruwa ga mai busasshiyar fata: yadda ake zaɓen mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi

Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga Sahara, mata da yawa a Garwa, Marwa, Njamena da arewacin Benin da Ghana kan yi kuka da abu guda: an shafa hodar ruwa da safe fuska ta yi sumul, kafin azahar ta tsattsage, ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka. Wasu kan ɗora laifin a kan arha, su tara kuɗi su sayi mai tsada, sannan abin ya sake faruwa. Galibi matsalar rashin dacewa ce tsakanin irin hodar da irin fatar, kuma ana iya gane hakan daga rubutun da ke jikin kwalba tun kafin a biya kuɗi.

Mece ce hodar ruwa?

Ita ce shimfiɗar farko ta kwalliya, wadda ake shafawa domin daidaita launin fuska da rufe tabo. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana rubuta mata “fond de teint”, a kasuwannin Najeriya da Ghana kuma ana ce mata fandeshan. Akwai ta ruwa a kwalba, akwai mai kauri kamar man shafawa, akwai ta sanda, akwai kuma ta gari da aka danne a gwangwani. Asalinta haɗin ruwa ne da mai da launi, kuma yawan kowanne a cikin haɗin shi ke nuna fatar da aka yi ta dominta.

Me ya sa take tsattsagewa?

Saman fata yana riƙe ruwa ne da taimakon wani siririn maiƙo da jiki ke fitarwa. Mai busasshiyar fata tana da ƙarancin wannan maiƙo, don haka ruwan jikinta kan tsere da sauri, musamman a hunturu, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Daga nan sai fuska ta riƙa ɗaurewa bayan wanka, gefen hanci da baki su riƙa saɓa.

Hodar da aka yi wa masu maiƙon fuska tana ɗauke da gari mai shanye mai, kamar talc, silica da farar ƙasa ta kaolin. Idan ta hau busasshiyar fata, ɗan maiƙon da ya rage shi za ta shanye, ta manne a wuraren da ke saɓa, ta fito da su fili. A baƙar fata abin ya fi nunawa, domin saɓar fara ce.

Karanta jikin kwalba

Mai busasshiyar fata ta nemi kalmomi irin su “peau sèche”, “hydratant”, “lumineux” ko “éclat”. Ta yi hattara da “mat”, “matifiant”, “anti-brillance” da “peau grasse”. Kamfani guda kan fitar da iri biyu masu suna kusan ɗaya. Misali, Fit Me ta Maybelline tana da Matte + Poreless ta masu maiƙo, da Dewy + Smooth ta masu bushewa, kuma mai shago zai iya miƙo wadda ta fi kusa da hannunsa.

Jerin sinadaran da ke bayan kwalba ya fi tallan gaba faɗin gaskiya. Ana rubuta shi da sunaye iri ɗaya a ko’ina, ko kayan daga Faransa suka zo ko daga Legas, kuma ana farawa da abin da ya fi yawa. Sunaye biyar ko shida na farko su ne mafi yawan abin da ke cikin kwalbar. Waɗanda ke taimakon busasshiyar fata sun haɗa da:

- Glycerin da Sodium Hyaluronate, masu jawo ruwa su riƙe shi a fata;
- Squalane da Dimethicone, masu laushi da hana ruwa tserewa;
- Butyrospermum Parkii Butter, wato man kaɗe da kowa ya sani.

Idan Alcohol Denat. ko Talc na cikin sunayen farko, gara a ajiye kwalbar. Wadda fuskarta ke saurin ƙaiƙayi ta nemi “sans parfum”, domin turare na cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙuraje da zafi. A taƙaice, ta ruwa da mai kauri sun fi ta gari dacewa, kuma mai rufewa kaɗan ta fi mai rufewa ruf, domin duk yadda shafi ya yi kauri haka yake saurin darewa.

Wurin zama ma yana da tasiri. Hodar da ta yi daidai a Njamena cikin Janairu tana iya narkewa a Duwala ko Kwatano, inda iska ke da laima duk shekara. A can, marar nauyi ta wadatar.

Launin da ya dace

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen wadda ta fi fuska haske. Farin da ke cikin hodar ruwa daga titanium dioxide yake, wanda ake rubutawa CI 77891, kuma idan ya yi yawa a baƙar fata sai ta yi toka-toka, abin da ke ƙara fito da bushewa. Ja, rawaya da baƙi kuwa daga tsatsar ƙarfe ake samunsu, masu lamba CI 77491, CI 77492 da CI 77499. Wata fatar tana karkata ga ja, wata ga rawaya, don haka mata biyu masu duhu ɗaya ba lallai ne lamba ɗaya ta yi musu ba.

Ana gwaji ne a gefen muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba. A ja layi biyu ko uku, a fita hasken rana, a jira kamar minti 15, saboda wasu kan ƙara duhu bayan sun sha iska. Layin da ya ɓace tsakanin fuska da wuya shi ne daidai.

Tun 2017, lokacin da Fenty Beauty ta fito da launi 40 a tashi guda, kamfanoni masu sauƙin kuɗi ma suka faɗaɗa launukan duhu. Akwai kuma kamfanonin Najeriya irin su Zaron da House of Tara, waɗanda tun asali baƙar fata suke yi wa kaya.

Arha da jabu

Yawancin kwalabe mililita 30 ne, kuma da wannan ake auna arha. A misali, kwalbar mililita 30 a sefa 6,000 ta kama sefa 200 kowace mililita, ita kuwa ta mililita 10 a sefa 3,000 ta kama 300. Ƙaramar ce mai tsada.

Inda hatsari yake shi ne jabu, kuma sanannun sunaye aka fi kwaikwayo. Alamominsa sun haɗa da farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, rubutu mai kurakurai, rashin lambar rukuni, murfi marar hatimi, da wari irin na fenti ko tsohon mai. Kayan da aka yi wa rajista a Najeriya suna ɗauke da lambar NAFDAC. Hodar da aka ɗura a ƙananan robobi ana sayarwa tsiya-tsiya kuwa, babu mai sanin shekarunta ko hannun da ya taɓa ta. Haka kayan da suka wuni a rana kan tebur: zafi kan raba mai da ruwa, idan an girgiza ba su haɗu ba, sun lalace.

A jikin kwalba akwai hoton buɗaɗɗen gwangwani da rubutu kamar 12M ko 24M. Adadin watannin da za ta yi ke nan bayan an buɗe. Wadda ke kwalliya sai ranar biki ko suna ba ta da ribar sayen babbar kwalba.

A guji duk wadda aka ce tana ƙara haske, mai rubutun “éclaircissant”. Kayan bilicin kan ƙunshi hydroquinone, mercure ko magungunan corticoïde irin su clobétasol, masu sirantar da fata, su bar baƙin tabo, mercure kuma yana cutar da ƙoda. Kodibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Kamaru kuma ta hana shigo da su a 2022, amma har yanzu suna yawo a kasuwanni.

Shirya fuska kafin shafawa

Rabin aikin ana yin sa ne kafin a buɗe kwalba. A wanke fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar kaifi. Ruwan zafi, sabulun wanki, lemun tsami da yawan sabulun salo duk suna kwashe maiƙo. A shafa mai tun fuska na da ɗan danshi. Man kaɗe gwargwadon ƙwayar gyaɗa ya isa, a narkar da shi a tafin hannu, a bar shi minti 5 zuwa 10 ya shiga. Wadda man kaɗe ke fito wa da ƙuraje ta yi amfani da man fuska marar nauyi mai glycérine.

Daga nan a ɗiga hodar kaɗan, a danna ta da jiƙaƙƙen soso ko yatsu masu tsabta, kada a murza. Garin hoda a goshi da hanci kawai, idan ma akwai buƙata. Dilka ko wani gyaran da ke goge fata a yi shi kwana biyu kafin kwalliya. Mai alwala sau da yawa a rana za ta fi jin daɗin wadda ke fita da ruwa da sabulu, domin mai hana ruwa shiga sai an dirje ta, dirzar kuma na ƙara bushewa. Ba a kwana da hoda, kuma soso yana son wanki aƙalla sau ɗaya a mako.

Lokacin ganin likita

Sabuwar hoda a fara gwada ta a bayan kunne, a jira kwana biyu. Idan wurin ya yi ƙaiƙayi, zafi ko kumburi, a bar ta. Bushewar da ta zo da tsagewa, ruwa-ruwa ko ƙaiƙayin da ke hana barci ta wuce batun kwalliya, tana iya zama cutar fata irin ta eczéma. A irin wannan hali ana ajiye hoda ne gaba ɗaya, a je asibiti ko wurin likitan fata, a kuma tafi da duk mayukan da ake shafawa domin ya duba abin da ke cikinsu.