Laso, Makuba da Akwatin Shukar Ƙanena

A bara ƙanena ya haɗa akwatin katako a tsakar gidanmu da ke Ƙauran Namoda, ya cika shi da ƙasa da taki, ya shuka tumatir da alayyafo, tunda zuwa fadama yanzu sai da addu'a. Damina ba ta fita ba gindin akwatin ya ruɓe, gara ta ƙarasa sauran. Ina tsaye a kansa sai kakanmu ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Marini ne a Zurmi har ƙarfinsa ya ƙare.

Ramin rini ya fi tsayin mutum zurfi, shekara da shekaru yana cike da ruwan baba, amma ba ya yoyo. Aikin laso ne. Idan ruwan baba ya mutu, sai a kwashe abin da ya kwanta a gindin ramin, a cura, a shanya, a ƙone. Katsi ke nan. A daka shi, a zuba gashin akuya da aka samo wurin majema, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Da idona na ga tsoho a cikin rami yana shafe bango da tafin hannu, yana bi da dutse mai santsi yana murzawa har wurin ya yi sheƙi. Da wannan lason masu hali ke shafe rufin soro a da. Talaka kuwa makuba ce tasa: ɓawon ɗorawa a jiƙa, a yayyafa ruwan a daɓe ko a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi.

Layin dogo ya iso Ƙaura a 1929, daga Zariya ta Gusau. Gyaɗa da auduga suka riƙa fita, kwano da siminti suka riƙa shigowa. A ganina, ba siminti kaɗai ya kashe laso ba. Atamfa da garin rini na kanti sun durƙusar da marina, kuma inda babu ramin baba, ina za a samu katsi? Sana'a ɗaya ta faɗi, ta ja ɗayar.

Laso ba zai zauna a jikin katako ba, domin katako na kumbura yana motsewa. Don haka bana leda mai kauri muka sayo, irin wadda ake shimfiɗawa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Muka shimfiɗa ta cikin sabon akwati, muka huda gindin, muka zuba tsakuwa, muka ɗora akwatin a kan bulo. Na hana ƙanena shafa baƙin mai, don abin ci za a shuka.

Abin da ke damuna, kakanmu ya rasu ban tambaye shi awon katsi da na gashi ba. Duk mai tsohon marini ko magini a gida, a Zurmi ne ko Shinkafi, don Allah ya zauna da shi ya rubuta awon.