Sinadaran zaƙi masu maye gurbin sukari

Sinadaran zaƙi, irin su sakarin da aspartam, a masana'anta ake haɗa su. Aspartam ya fi sukari zaƙi kusan sau 200, shi ya sa ake zuba shi cikin wasu lemukan kwalba da garin lemu na ƴan leda, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwannin Tasawa da Mayahi.

A watan Mayun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kada a dogara da su don rage ƙiba, sai dai shawarar ba ta shafi masu ciwon sukari ba. A watan Yuli kuma, cibiyarta da ke Liyon ta Faransa ta sanya aspartam cikin abubuwan da mai yiwuwa su jawo ciwon daji, ko da yake hujjar ba ta da ƙarfi. Iyakar shansa a rana ita ce miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, don haka yaro ya fi babba saurin kaiwa gare ta.

Zuma da mazarƙwaila ma sukari ne a jiki. Abin da ya fi shi ne rage zaƙi gaba ɗaya, musamman a shayi da koko.