Tarihin Tankin Ruwan Bayan Gida: Daga Jan Sarƙa Zuwa Maɓalli Biyu

Tankin ruwan da ake ɗorawa a bayan masan tangaran, wanda magidanci yakan kira mai gyaran famfo ya canza masa idan ya tsage ko ya fara yoyo, yana da tarihi na sama da shekara ɗari huɗu, kuma galibin wannan tarihi a Ingila ya gudana. Matsalar da maƙera da injiniyoyi suka daɗe suna fama da ita guda ɗaya ce, wato yadda za a tara ruwa daidai gwargwado, a sake shi gaba ɗaya da ƙarfin da zai tafi da ƙazanta, sannan a tsayar da shi don kada ya ci gaba da zuba a banza.

Dabarar sa ruwa ya tsayar da kansa ta girmi masan zamani nesa ba kusa ba, domin 'yan'uwan nan uku da ake kira Banu Musa, waɗanda suka yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, sun bayyana na'urorin da wani abu mai iyo a saman ruwa yake toshe mashigarsa idan tulu ya cika, haka kuma al-Jazari ya yi amfani da irin wannan hikima a na'urorin wanke hannu da ya zana a littafinsa na shekarar 1206. Amma wanda aka fi dangantawa da haɗa tanki da masai shi ne Sir John Harington, wani bafaden Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wanda a 1596 ya wallafa bayanin masan da ya kafa a gidansa na Kelston, kusa da garin Bath. Jama'a ba su karɓi ƙirar ba, saboda a lokacin babu ruwan famfo a yawancin gidaje, kuma babu magudanar da za ta ɗauke abin da aka kora.

Sai bayan kusan shekara 180 aka samu ci gaba mai ma'ana, lokacin da wani mai gyaran agogo ɗan Sikotlan, Alexander Cumming, ya sami takardar mallakar ƙirƙira a 1775 a kan masai mai lanƙwasasshen bututu a ƙarƙashinsa. Lanƙwasar tana riƙe ɗan ruwa a kullum, ruwan kuma yana hana wari komowa cikin ɗaki. Bayan shekara uku, a 1778, Joseph Bramah ya gyara bawul ɗin, wato murfin da ke buɗewa ya saki ruwa, ta yadda masansa ya samu karɓuwa a gidajen masu hali. Talakawan Landan kuwa da yawansu sun fara ganin irin wannan masai ne a babban baje kolin 1851, inda George Jennings ya kafa ban-ɗakunan da mutum fiye da 800,000 suka biya kwabo ɗai-ɗai suka shiga.

Yaɗuwar masan ruwa ta zo da nata bala'in, domin ramukan salgar da ke ƙarƙashin gidaje ba a haƙa su don ɗaukar ruwa mai yawa haka ba, sai suka riƙa tumbatsa, ƙazantar kuma ta bi kwatami zuwa Kogin Tems, inda wasu kamfanoni ke ɗebo ruwan sha. Annobar kwalara ta kashe dubban mutane, kuma a bazarar 1858 warin kogin ya kai har zauren majalisar dokoki, abin da ya sa aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa.

Da aka samu hanyar fitar da ƙazanta, sai hankali ya koma kan ɓarnar ruwa. Bawul ɗin tankunan wancan zamani yakan ci ya riƙa ɗiga dare da rana, wasu mutane ma sukan ɗaure mariƙin a buɗe don ruwa ya yi ta gudu. Saboda haka, bayan dokar ruwan Landan ta 1871, aka wajabta sa na'urar hana ɓarna, aka kuma ƙayyade galan biyu na Ingila, wato kimanin lita 9, ga kowace kora. Maganin da ya yi nasara shi ne tanki mai zuƙo, wanda a cikinsa akwai bututu mai ƙusumbi da ƙolinsa ya zarce matakin ruwa. Idan aka ja sarƙa, wani faifai ko ƙararrawar ƙarfe yakan tura ruwa ya tsallake ƙusumbin, daga nan ruwan da ke gangarowa yakan jawo na bayansa, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga jarka, har sai iska ta shiga bututun ta yanke gudun. Da yake babu wata ƙofa a ƙarƙashin ruwan, irin wannan tanki ba ya yoyo cikin masai ko da kayan cikinsa sun tsufa. A ɗaya gefen kuma akwai ƙwallon tagulla a bakin sanda, wanda yake tashi tare da ruwa har ya rufe mashiga.

Tankunan farko na ƙarfen zubi ne, ana kafa su can sama kusa da rufi don tsayin ya ƙara wa ruwa ƙarfi. Thomas Crapper, wanda ya buɗe kamfaninsa a unguwar Chelsea a 1861, ya yi suna wajen tallata su, ko da yake ba shi ya ƙirƙiro masan ruwa ba, yayin da Thomas Twyford ya fito da masan tangaran zalla a shekarun 1880, mai sauƙin wankewa. A cikin ƙarni na 20 tankin ya sauko zuwa tsakiyar bango, daga bisani ya zauna kai tsaye a kan masai, inda ake ɗaure shi da kusoshi biyu masu noti, da zoben roba mai kauri a tsakani. Wannan zobe shi ne yawanci yake bushewa ya tsage, kuma ɗaure notin fiye da kima shi ke fasa sabon tangaran.

Ƙarancin ruwa ne ya kawo sauyi na baya-bayan nan. Kamfanin Caroma na Ostireliya ya fito da tanki mai maɓalli biyu a 1980, ɗaya na bawali, ɗaya na bayan gida, sannan dokar Amurka ta 1992 ta rage kora zuwa galan 1.6 na Amurka, wato kimanin lita 6, bayan tankunan da suka gabata suna cin lita 13 ko fiye. Birtaniya ma ta tsaya a kan lita 6, ta kuma sake halatta bawul daga 2001, wanda ya dawo da tsohuwar matsalar ɗiga a ɓoye.

A ƙasar Hausa, inda salga ta daɗe tana biyan buƙata, masan ruwa ya biyo bayan ruwan famfo ne, wanda Kano ta samu daga Kogin Calawa a farkon shekarun 1930. Har yau gidaje da yawa suna cika tanki da ruwan da suka saya daga 'yan garuwa, don haka tsohon tanki mai cin lita 13 yana cinye fiye da rabin jarka a kora ɗaya. Sai dai kowane masai an ƙera shi ne daidai da adadin ruwan tankinsa, shi ya sa ƙaramin tanki a kan tsohon masai ba ya kora da kyau, sai an maimaita. Ya kamata duk mai canza tanki ya tabbatar sabon ya dace da masansa, ya kuma gyara yoyo da zarar ya gan shi, domin kiyaye ruwa yana cikin manyan dalilan da suka sa aka yi ta gyara ƙirar tankin.