"An Ce" da "Wane Ya Ce": Tarihin Yawon Labari a Tsofaffin Unguwannin Maraɗi

Wata ranar Talata a bara, wajen ƙarfe goma na safe, ina tsakiyar darasin lissafi sai na hangi mata uku tsaye a bakin aji, kowace tana kiran ɗanta da hannu. Kafin in fito sun zama takwas. Na ce lafiya? Babbar cikinsu ta ce, "Mushe, an ce wasu na bin makarantu suna yi wa yara allura, daga birni aka turo." Na tambaye ta wa ya faɗa. Ta miƙo mini salula, na saurari muryar wani mutum da bai faɗi sunansa ba, bai faɗi makarantar ba, bai faɗi ranar ba. Da muka bi sawu sai muka tarar ɗanta da ke zama a wata fada kusa da babbar kasuwar Maraɗi shi ya turo, shi ma turo masa aka yi. Ranar dai an tashi da rabin aji.

Mu mutanen Sae Sabuwa, da na Tsibiri da Cadawa da sauran garuruwan kewaye, tun kaka da kakanni daga tsakiyar birnin Maraɗi muke ɗebo labari, kamar yadda muke sayo goro da atamfa. Shi ya sa abin da ya faru ya sa na koma na duba yadda labari ke yawo a waɗancan tsofaffin unguwanni tun farko. Abin da na fahimta shi ne, ƙarya da jita-jita ba yau suka fara ba, amma a da kowane labari yana da mai shi, akwai wanda za a riƙe idan ya tashi banza.

Bayan mayaƙan jihadi sun ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka fita gudun hijira, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi wajen 1819. Har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa mai gadon. Garin na wancan lokaci a cikin fadama yake, a bakin gulbi, ganuwa ta kewaye shi, ga kurmi ya zama garkuwa. Mutanen da ke zaune cikin shirin yaƙi kusan shekara ɗari ba sa wasa da labari, domin labarin hari in ya makara an rasa rayuka, in kuma na ƙarya ne an bar gona a banza. Saboda haka aka yi masa hanya. Magana takan fito daga fada, inda sarki ke zama da Galadima da Ƙaura da Durbi da 'Yandaka, ta sauka wurin masu unguwa, daga nan ta shiga zaurukan masu gida. In ta kowa da kowa ce, mai shela ya ɗauki ganga ya zagaya, ya fara da cewa sarki ya gaishe ku. Wannan gaisuwa ita ce sa hannu. Mai shelar da ya ƙara gishiri, gobe a gaban sarki zai yi bayani.

Wannan ita ce hanyar maza da sarauta. Akwai ta biyu da littattafan tarihi ba su cika kulawa da ita ba, alhali ta fi sauri: bakin rijiya, wurin daka, gidan suna da gidan biki, da dillaliya mai shiga gida gida da ƙunshin kaya. Iya, wadda ke riƙe da sarautar mata a fadar Maraɗi, tana da kunne a kowace unguwa. Su kuma yara su ne 'yan aike. Yarinya mai tallan fura ta san gidan da aka haihu da gidan da aka yi yaji tun kafin mai unguwa ya ji. Amma ko a nan, in aka aiki yaro da goron gayyata, sai ya ce "Inna wance ta ce in gaya miki." Yaro yana koyon ɗaukar magana tare da sunan mai ita kamar yadda yake koyon gaisuwa. Wannan darasi ne da babu wanda ya rubuta a manhaja, kuma ina ganin shi ne muka fi yin asararsa.

A daminar 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari. Turawan Faransa suka mayar da jama'a kan tudu, suka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, irin tsarin da muke gani yau. Mutane suka hau tudu da sunayen unguwanninsu: Bagalam, 'Yandaka, Maraɗawa, Ɗan Gulbi, Makoyo, Limanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gidaje sababbi ne, amma maƙwabci na da shi ne maƙwabci, mai unguwa na da shi ne mai unguwa, don haka hanyar labari ba ta yanke ba. Abin da ya canja shi ne irin labarin da ake nema. Yaƙi ya ƙare, gyaɗa ta shigo. Kamfanoni irin su CFAO suna saye, 'yan baranda suna shiga ƙauyuka, manyan motoci suna zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Tambayar safe ta koma nawa buhu ya kwana. Direba da yaron mota suka zama masu shela, tasha da kasuwar Litinin da Juma'a suka zama wata fada.

Daga nan ne alhazan Maraɗi suka taso, waɗanda wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986. Zauren alhaji da safe ofishin labarai ne sosai: barori sun zo gaisuwa, kowa da abin da ya jiyo daga Kano ko Kwatano, musamman bayan fitowar naira a 1973, lokacin da farashin canji tsakaninta da sefa ya zama abin da ke yanke riba da faɗuwa. A wannan zaure ma labari da suna yake tafiya, domin baran da ya kawo farashin ƙarya sau biyu ya rasa ubangida.

Rediyo kuwa ya shigo a hankali. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Nijar a 1958, ga Rediyon Kaduna da ke shigowa tsaf. Akwatin rediyo yana da tsada, don haka sauraro na taro ne: mutum ɗaya ya kunna a ƙofar gida, goma su zauna, in an gama a yi muhawara. Akwai wani abu a nan da ya kamata mu malamai mu sani. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, kuma yawancin masu jagorantar su malaman makaranta ne. Malami ya tara jama'a da dare a saurari shiri kan noma ko lafiya ko haraji, a tattauna, ya ɗauki muryoyin mutane a na'ura a aika Yamai, a sako su a shiri na gaba. Wato shekaru sittin da suka wuce, gwamnati ta ɗauki malamin makaranta a matsayin wanda zai tsaya tsakanin labari da jama'a ya tace. Yau mu ne na ƙarshen ji, sai iyaye sun zo kwashe yara.

Da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, sai ya farfaɗo da samariya. Sarkin samari da dandali tsofaffin abubuwa ne a ƙasar Hausa, amma yanzu aka ba su gida a kowace unguwa, aka ba su aiki: sharar titi, gina azuzuwa, dashen itace, wasan kwaikwayo, karɓar baƙi. Ina ƙarami na riski ƙarshenta, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ta haɗa matasan unguwa wuri guda yadda babu abin da ya sake haɗa su. Zamanin ne aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975 a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauko takobi, shi ya sa filin kokawar garin ke ɗauke da sunansa. Sai dai dattawa da yawa za su gaya maka cewa samariya bakin gwamnati ce kuma kunnenta ce. Labari yana saukowa da sauƙi, amma mai son faɗin abin da ke ransa sai ya waiga hagu da dama. Labari mai suna ba lalle ne ya zama labari mai 'yanci ba, wannan ma gaskiya ce da bai kamata masu kewar da su ɓoye ba.

Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin kowa, samariya ta mutu, jam'iyyu suka raba unguwa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, aikin gwamnati ya yi wuya, matasa masu takarda da marasa ita suka zauna a bakin titi da butar shayi da tabarma. Suka kira wurin zamansu fada. Ku dubi sunan da kyau: fadar da a da take guda ɗaya a gari, yanzu kowane lungu yana da tasa, da shugabanta da ma'ajinta. Lokaci guda gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, fadodi suka zama masu aika gaisuwa da zaɓen waƙa, sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da cigiyar yaro ko akuya suka koma rediyo. Ko a nan mai sanarwa sai ya je da ƙafarsa ya biya, ya bar sunansa.

Kada wani ya ce ina ɗora wa salula laifin da ba nata ba. A 2003, tun WhatsApp bai zo duniya ba, jihar Kano ta dakatar da allurar shan inna saboda zargin tana hana haihuwa, ba a koma ba sai tsakiyar 2004. Maganar ta tsallako iyaka a bakin fatake da direbobi, iyaye a nan ma suka riƙa ɓoye yara a ɗaka, cutar kuma ta sake bazuwa. Amma ku tuna yadda aka shawo kanta: sarakuna da masu unguwa da malamai suka fito da fuskokinsu, wasu suka fara ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. An kashe "an ce" da "wane ya ce, ga shi nan tsaye."

Abin da ya sa yau ya fi wuya shi ne garin ya fi ƙarfin tsohuwar hanya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 267,000 a Maraɗi, unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho sun miƙe nesa da fada, a tsakiyar gari kuma gidaje da yawa sun koma shaguna da ɗakunan haya, mai unguwa bai san rabin masu kwana a unguwarsa ba. Saƙon murya kuwa ba ya buƙatar iya karatu, yana zuwa da Hausa tsantsa, a salular ɗanka da ka yarda da shi. Uwar da ta zo ajina ba wauta ta yi ba. Ta yi abin da kakarta za ta yi in ɗa ya aiko daga birni, sai dai ɗan kakarta da idonsa ya gani ko da kunnensa ya ji daga wanda ya sani.

Mako guda bayan wancan tashin hankali na ba 'yan ajina aikin gida: kowa ya tambayi tsoho ko tsohuwar gidansu yadda labarin juyin mulkin 1974 ya iso garinmu, kuma ya rubuto sunan wanda ya kawo shi. Cikin yara 46, 31 suka kawo amsa. Wasu sun ce a rediyon mai gari aka ji. Mafi yawa sun ce 'yan kasuwa ne suka dawo da shi da yamma, abin da ya sa na duba kalanda na tarar ashe ranar Litinin ce, ranar kasuwar Maraɗi. Wata yarinya ta rubuto cewa kakarta a wurin daka ta ji, daga bakin matar wani mai sayar da goro, har ta faɗi sunan matar da na mijin da irin jakin da ya hau ya dawo. Shekara hamsin ke nan, tsohuwar ba ta manta wanda ya gaya mata ba.