Karɓa ko Jira: Zaɓin Makaranta a Ƙarƙashin Tsarin CAPS a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta gwada ra'in Hossler da Gallagher na 1987 a kan yadda ake ba da gurbin karatu a manyan makarantun Nijeriya. Ta nuna cewa matakin ƙarshe na ra'in, wato zaɓi, bai dace da halin da ɗalibi ke ciki ba tun da hukumar JAMB ta kawo tsarin CAPS a 2017.

Gabatarwa

Ra'in ya kasa hanyar shiga babbar makaranta gida uku: ɗarsuwar sha'awa, neman bayani, sai zaɓi. A kan Amurka aka gina shi, inda ɗalibi kan tara takardun karɓa daga jami'o'i da dama, ya kwatanta kuɗi da tallafi, ya ba da amsa zuwa 1 ga Mayu. A Birtaniya ma hukumar UCAS tana barin ɗalibi ya riƙe gurbi biyu, na gaba da na ko-ta-kwana. Duk tsarin biyu sun ɗauka cewa guraben suna gaban ɗalibi a lokaci guda.

Yadda CAPS ya sauya tambayar

A Nijeriya ba haka abin yake ba. Makaranta ce ke gabatar da sunan ɗalibi, JAMB ta amince, shi kuma ya shiga shafin CAPS ya danna karɓa ko ƙi. Da zarar ya karɓa, sauran makarantu sun fita batunsa a wannan shekarar. Ke nan abin da yake aunawa shi ne gurbin da ya fito da wanda ake sa rai, kuma makarantu ba sa sakin sunaye rana ɗaya. Ɗalibar da kwalejin ilimi ta ɗauka, alhali tana jiran jeri na biyu daga Jami'ar Bayero, caca take yi da lokaci. Iyaye galibi kan yanke hukunci da cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ba kullum suke kuskure ba.

Sau da yawa ma zaɓin yana cikin jami'a ɗaya ne. Wanda ya nemi likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, makinsa bai kai ba, ana iya yi masa tayin wani kwas na kimiyya. Ko ya riƙe jami'ar ya saki kwas, ko ya sake zana jarrabawa baɗi. Rabon gurabe a jami'o'in tarayya yana ƙara nauyin wannan shawara: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Saboda haka makin da ya isa a Sakkwato yana iya gazawa a Ibadan ga ɗalibi guda.

Lokaci a matsayin tsada

Marubuta kan jero kuɗin rajista da nisan gida, su manta da shekaru. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Iyalin da ya zaɓi jami'a mai zaman kanta, irin su Al-Qalam a Katsina, ko ya tsallaka da yaro Maraɗi, tabbacin ranar gamawa yake saya. Asusun lamunin NELFUND, da ya fara karɓar buƙatu a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati ya shafa, don haka bai taɓa wannan lissafi ba. Ga 'ya mace kuwa, samun ɗakin kwana a cikin makaranta ko dangi a garin yakan rinjayi sunan jami'a, kuma shekarar jira tana iya ƙarewa da aure.

Ga masu nazarin wannan zaɓi kuwa, duk binciken da ya tsaya ga ɗaliban da suka riga suka yi rajista zai ji bakin waɗanda suka karɓa ne kawai. Dole samfurin binciken ya haɗa da waɗanda suka ƙi gurbi da waɗanda suka yi shiru har wa'adin karɓa ya wuce, a kuma rubuta ranar da kowane tayi ya fito.