Yadda Tayar Gaba Ta Raba Gari da Ta Baya a Kudancin Kano

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora, a ƙaramar hukumar Kiru, ya dubi ƙafafun baburan da ke jiran fasinja, da wuya ya samu wanda tayoyinsa biyu suka fito daga kamfani ɗaya. Ta gaba tana iya zama ta Indiya, ta baya ta Sin ko ta Taiwan. Masu ƙera tayoyi ba sa goyon bayan wannan gauraye, amma tarihi ne ya kawo shi, ba ganganci kaɗai ba.

Asalin maganar yana cikin robar kanta. A 1844 Charles Goodyear ya samu rajistar fasahar dafa roba da farar wuta, wadda ta hana ta narkewa da zafi. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya ƙera taya mai iska domin keken ɗansa. Tun daga nan kowane kamfani yake riƙe da nasa sirrin haɗi. Roba mai laushi tana kama hanya amma tana saurin suɗewa. Mai tauri tana daɗewa amma tana santsi idan ƙasa ta jiƙe. Shi ya sa ake tsara tayoyin babur bibbiyu, da siffa da zane masu dacewa da juna: ta gaba domin juyi da mafi yawan aikin birki, ta baya domin turi da ɗaukar nauyi.

Nijeriya ta taɓa zama ƙasar da ke ƙera taya. Dunlop ya kafa masana'anta a Ikeja, Michelin kuma a Fatakwal, a farkon shekarun 1960, Honda ya kafa kamfanin haɗa babura a Ota a 1979. A wancan zamani sunayen da ke kasuwa kaɗan ne, kuma mai saye ya san abin da ya saya. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, mota ta gagari ma'aikaci, acaba ta zama sana'ar dubban matasa. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa, sannan Bajaj Boxer na Indiya ya biyo. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya daina ƙira a 2008, bisa dalilan da suka haɗa da tsadar wutar lantarki da gogayyar tayoyin waje. Kasuwa ta koma hannun 'yan shigo da kaya, abin da aka samu a Ƙofar Ruwa a wannan watan ba lallai a same shi a wata mai zuwa ba.

Bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ranar 19 ga Janairu, 2013, gwamnati ta hana acaba, A Daidaita Sahu ta maye gurbinta a birni. A karkara kuwa babur bai rasa matsayinsa ba. Shi ne ke ɗauko amfanin noman rani daga gonakin da Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, take shayarwa. Shi ke jigilar shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa. Shi ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyukan Riruwai. Buhu biyu da fasinja duk a bayan babur suke zama, don haka tayar baya kan ƙare tun ta gaba tana da sauran rai. Mai babur sai ya sauya ɗaya kawai, da wadda kuɗinsa ya kai. Nan gaurayen ya samo tushe.

Haɗarin yana bayyana ne inda riƙon tayoyin ya bambanta. A hanyar da ta ratsa dajin Falgore, inda ruwan damina ya fi na arewacin jihar yawa, babur mai sabuwar taya a baya da suɗaɗɗiya a gaba yana iya zamewa a kwana ba tare da gargaɗi ba. Zamewar baya gwanin matuƙi kan iya gyara ta. Ta gaba kuwa yawanci faɗuwa ce.

Saboda haka bambancin sunan kamfani ba shi ne babban abin tsoro ba a ƙaramin babur da ba ya gudu sosai. Abin lura shi ne girman da aka rubuta wa babur ɗin, kamar 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Kada a haɗa mai zanen burji da mai zanen kwalta. Kada kuma a ɗaura tayar baya a gaba. Sannan a duba shekaru: tun daga 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙira, wato 1522 na nufin mako na 15 na 2022. Roba tana bushewa ko da ba a hau ta ba. Mai faci na bakin hanya, wanda kusan kowace taya a yankin ke bi ta hannunsa, shi ya fi cancanta a fara koya wa karanta waɗannan lambobi.