Laka, Kara da Gwangwani: Tarihin Wasan Yara a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba makarantun boko a Jihar Zamfara sukan tafi dogon hutu, daidai lokacin da damina ta kankama. A Tudun Wada ko Sabon Fegi a Gusau, wannan ne lokacin da uwa ke rasa inda za ta sa kanta: yara sun cika tsakar gida, kuɗin darasin hutu ba kowa ke da shi ba, wayar maigida kuwa ɗaya ce, masu kukan a ba su ita su huɗu. Sai a ɗauka cewa nishaɗin yaro abu ne da ake saye. Tarihin wannan yanki bai nuna haka ba. Dogon hutun kansa baƙo ne, wasan kuwa ya daɗe, kuma bai taɓa dogara da aljihun uba ba.

Kafin zuwan boko, abubuwa uku ne ke tsara wa yaro lokacinsa: allo, gona da wata. Yankin nan tsohuwar ƙasar karatu ce. 'Yandoto, wadda kufanta ke ƙasar Tsafe, ta yi suna da malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma daga wannan kewaye ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Almajirin wancan zamani bai san hutun wata biyu ba. Hutunsa Alhamis da Juma'a ne, sai kwanakin salla. Idan ruwa ya sauka karatu kan ragu, ba don a huta ba, sai don malam da almajiransa sun koma gona.

Saboda haka wasan damina wasa ne na gefen aiki. Yaron da aka tura ya yanko wa akuyar turke ciyawa, ko ya kai wa Baba fura a gona, shi ne zai tsaya bakin fadama ya ɗebo laka mai danƙo. A nan zai zauna ya gina sa mai tozo, da raƙumi, da doki har da mahayinsa, ya soka tsinke a matsayin ƙaho ko mashi, ya shanya su a inuwa don kada rana ta tsattsaga su. 'Yan mata kuwa tukwane da murhu da kasko suke ginawa, su tuƙa tuwon ƙasa, su yi miya da ganyen tafasa, su raba a 'yan ɓawon ƙwarya, kowa da rabonsa har da na baƙo. Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau ya wuce Bunguɗu, shi ne babban mai ba da wannan kaya: laka a gaɓa, rairayi a ciki. Bayan an ɗauke ruwa, yaro kan tura ƙafa cikin jiƙaƙƙen rairayi ya daddaɓe samanta, ya zare ta a hankali, ɗaki ya tsaya da ƙofarsa. Wanda nasa ya rushe ya sake. Da masara ta yi goyo, yarinya ta sami 'yar tsana mai gashi, ta zauna tana yi mata kitso kamar yadda ta ga Inna na yi wa maƙwabta. Idan shinge ya fito da daddare bayan ruwan farko-farko, gida duka ya fita da ƙwarya da ruwa, washegari a soya.

Babu wanda ya kira waɗannan abubuwa darasi, amma hannun da ya saba da laka ya san nauyi da daidaito, kuma yarinyar da ta raba tuwon ƙasa ga mutum biyar ta fara lissafi.

Akwai kuma gayauna, 'yar gonar da uba kan yanka wa ɗansa a gefen gandu. Ko da taku goma ce, tasa ce. Ya shuka gyaɗa ko wake ko kuɓewa, ya nome da 'yar fartanyarsa, abin da ya fito nasa ne ya sayar ko ya ci. Ƙarshen damina kuma na zuwa da ladarta: tumu. A karyo sabon gero a babbaka a wuta, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayi. Duk wanda ya tashi a Kwatarkwashi ko Mada ko Bilbis ya san wannan ƙamshi.

Amma babban lokacin wasa kaka ne, da rani. Amfani ya shigo gida, ciki ya cika, ƙasa ta bushe, kara ya zube ko'ina. Da kara ake yin kusan komai: a ɓare bayansa a sami tsinke mai ƙarfi, a yanka totuwarsa mai taushi, a harhaɗa su a fitar da doki ko bindiga ko abin busa. Da dare kuwa, idan wata ya yi fari, dandali ya cika. Maza su ja layin langa: kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, ɓangare biyu, kowane da ruwansa da dawakinsa. Aikin dawaki su tare abokan gaba su buɗe hanya, aikin ruwa ya kai wurin sha ba tare da an kayar da shi ko ya saki ƙafa ba. Wasa ne mai buƙatar ƙarfin cinya da dabara da sanin lokacin da za a sadaukar da kai don wani ya wuce, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da a yau langa ke cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a matakin ƙasa, tare da kokawa da dambe. 'Yan mata a nasu gefen suna gaɗa, sun yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito ta juya baya ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla sama. Ƙanana suna 'yar ɓuya a bayan rumbuna. Dandali na da shugabanci, akwai sarkin samari, akwai manyan 'yan mata masu tsawatarwa, kuma dattijan da ke hira a ƙofar gida idonsu na kai.

Wanda bai isa fita ba yana ɗakin Kaka yana sauraron yadda Gizo ya yi wa kura wayo, da yadda Ƙoƙi ta gaji da halinsa. Muna da shaidar tsufan wannan hira a rubuce. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku, kuma wani kaso na abin da ke ciki daga Lardin Sakkwato aka tattaro shi, lardin da Gusau ke ƙarƙashinsa a lokacin. Haka nan Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa da Zariya a 1949 da 1950, ta ba da labarin wasanni da ƙawancen ƙuruciyarta na ƙarshen ƙarni na 19. Giwa na kan hanyar da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Tsafe ta shiga Gusau, kuma abin da tsohuwar ta bayyana ba baƙo ba ne ga kakannin Zamfara.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya kayan wasan. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau ya dire Ƙauran Namoda a 1929, Gusau ta zama babbar matattarar gyaɗa da auduga, kantunan Turawa suka buɗe, Sabon Gari ya cika da Yarabawa da Ibo da sauran baƙi. Yara ba su sami kuɗin sayen abin kanti ba, amma sun sami abin da kanti ke zubarwa. Gwangwanin madara da na kifi suka zama motoci, aka yanka tsohon silifa aka yi musu tayu. Tsohon ƙarfen ƙafar keke ya zama gare, yaro na kora shi da sanda daga Kanwuri har tasha. Robar cikin taya ta zama danƙon harbin tsuntsu. Kara ma bai mutu ba, sai ya koyi sabon fasali: yaran da kakanninsu ke yin doki da shi suka koma yin babbar mota mai bodi, irin wadda suke gani tana lodin buhunan gyaɗa. Ƙwallon ƙafa ya shigo, wanda bai da na roba ya ɗaure tsumma. Wannan zamani ya cancanci a yaba masa, domin ya nuna cewa baƙon abu bai kashe ƙirƙirar yara ba muddin an bar su su sarrafa shi da hannunsu.

Dogon hutu ya shiga yawancin gidaje ne bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da aka kwashi yara da yawa zuwa aji. Tun kafin nan kuma wasannin sun shiga littafi: Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara, ɗalibai suka riƙa karanta da rana abin da suke yi da dare. Ɗan garin Gusau, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin waƙoƙin baka na Hausa. Tashe kuwa bai taɓa bin kalandar makaranta ba, wata yake bi: daga goma ga azumi yara ke fita da gemun auduga da tsummoki gida-gida. A 2011, da azumi ya cinye kusan dukan watan Agusta, tashe da dogon hutu sun haɗu.

Abin da ya raunana dandali ba talauci ba ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996 Gusau ta zama babban birni, filayen unguwa suka zama fuloti, aka kewaye su da bulo. Bidiyo da finafinan Hausa suka janye masu kallo, daga baya waya ta zo. Sai kuma mafi muni, rashin tsaro. An sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, a Satumbar shekarar kuma aka rufe makarantun jihar aka katse layukan waya. A ƙauyuka da dama na Tsafe da Bunguɗu, uwar da ta bar ɗanta ya je bakin fadama shi kaɗai ko ya kai dare a waje, yau sai a ce ta yi ganganci. Iyalai masu yawa sun baro gonakinsu sun tare a gari, yaransu ba gayauna, ba dandali. Fili da dare ne aka ƙwace wa yaran nan, kuma babu abin wasan kanti da zai maye gurbinsu.

Duk da haka, kaso mai yawa na gadon nan yana shiga tsakar gida. Carafke duwatsu kaɗan take buƙata da wurin zama. 'Yar gala-gala zane ne a ƙasa da ɓallin tukunya. Dara ramuka ne da tsakuwa da tsinke. Bokitin laka ɗaya zai riƙe yara uku daga hantsi zuwa azahar, tsohon buhu cike da ƙasa a gefen rijiya zai ɗauki kuɓewa ko wake ya zama gayaunar ɗan birni, kuma wake kan tsiro cikin kwanaki kaɗan, abin da ya dace da gajen haƙurin mai shekara huɗu. Tatsuniya ba ta buƙatar lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a gaban allon waya ko talabijin a rana, kuma ya sami aƙalla awa uku yana motsa jiki. Abu ɗaya daga cikin na da da bai kamata a dawo da shi ba shi ne wankan kududdufi da gulbi a damina, saboda tsargiya da haɗarin nutsewa. Hirar dare a tsakar gida ma a watan Agusta gara a yi ta cikin gidan sauro.

Langa da gaɗa su ne ba sa yiwuwa a ɗaki, sai da fili da jama'a. Kusan kowace unguwa a Gusau, da cikin garin Tsafe da na Bunguɗu, tana da makarantar firamare mai fili, wanda ke zama fayau tsawon hutun nan. Masu unguwanni da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye na iya buɗe waɗannan filaye tsakanin la'asar da magariba, a sa manya biyu ko uku su zauna su sa ido, a nemo waɗanda suka yi langa da gaɗa a ƙuruciyarsu su nuna wa na baya. Mutanen suna nan da ransu a kowace unguwa, kuma da yawansu ba za su nemi ko sisi ba. A tambaye su a hutun bana.